Akwatin Jitar Baffa

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, shagona kuma yana Ƙaura Namoda, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Sama da shekara ashirin ina buɗe cikin kayan sauti, na ga ɓarnar ɓera, na ga ta zanzaro, na ga ta masu karambani, wadda ta fi duka muni. Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai ba wani babban aiki ba ne. Wayoyi biyu ne zan cire daga wuri ɗaya in maƙala a wani wurin. Bai kamata ya wuce rabin awa ba, sai da ya ci mini kwana tara.

Mahaifina limamin wani ƙaramin masallaci ne a unguwarmu a Zurmi, ya fi shekara talatin yana jan salloli biyar a wurin. Da can sahu uku ake yi, ko raɗa ya yi kowa zai ji. Da rashin zaman lafiya ya taso mutane daga ƙauyuka, na wajen Gurbin Bore da na wasu wuraren suka tare a unguwar, sahu ya koma bakwai, har aka yi rumfar kwano a waje. A daidai lokacin ne kuma muryar Baba ta fara ja da baya. Ba ciwo ba ne, tsufa ne kawai. Ladan yana maimaita kabbara, to amma karatu ai ba a maimaita shi. Na cikin rumfa sai su tsaya shiru, ba su san an gama Fatiha ba sai sun ji na gaba sun ce amin.

Saura kwana goma sha biyu azumi Inna ta kira ni a waya.

"Babanka ba shi cin tuwo," in ji ta. "Sai shi ɗan taɓa shi ture."

Na ce, "Jikin na?"

"Ba jiki na ba. Dattawa na sunka ce a hutar da shi. Kahin azumi za su zauna."

A hutar da shi. Haka ake faɗa don kada a ce an cire mutum. Akwai wani matashi da ya dawo daga karatu, muryarsa tana cika rumfa ba tare da ya yi ƙoƙari ba, kuma ni ba ni da wani abu da shi, mutumin kirki ne. Amma na san Baba. Ba shi da gona mai yawa, ba ya zaman majalisa, ba ya zuwa kasuwa sai dole. Tabarmar gaban sahu ita ce duk abin da yake tashi dominsa. Idan aka ɗauke masa ita bai shirya ba, zai zauna a ɗaki ne ya ƙare.

Washegari na rufe shago na nufi Zurmi da wata sifikar roba daga cikin kayana. Masallacin yana da amfilifaya mai aiki da batirin sola, da ƙaho ɗaya a kan rufi don kiran salla. An taɓa gwada jan salla da ƙahon, amma shi gari yake fuskanta, na cikin rumfa sai ƙara kawai suke ji tana dawo musu. Na haɗa sifikata a ciki, na ba Baba makirfo, ya yi karatun magariba. Da ma ban kawo ta ba. Ta tsince duk kaurin da ya rage a muryarsa ta zubar, ta bar rawar da kakarin, kamar mutum yana magana daga cikin gwangwani. Na ga wani dattijo ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Na tsani sifikar roba tun kafin wannan ranar, daga ranar kuwa na daina sayar da ita.

A hanyar komawa gida daga masallaci ne akwatin Baffa ya faɗo mini a rai.

Baffa ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya koma Shinkafi, yana bin masu safarar dabbobi ta wajen Jangeru yana shiga Nijar. A can ya haɗu da Buzaye masu jita, ya koya, ya dawo da jita da wani baƙin akwati mai hannu a sama. Irin akwatin nan ne da masu jita suke so, amfilifaya da sifika a haɗe a jiki ɗaya, ka soka waya ka kunna shi ke nan. Yana yi wa mutane wasa a gidajen biki. Kakanmu malami ne, Baba malami ne, don haka abin bai yi wa gidanmu daɗi ba. Ban san duk kalmomin da suka faɗa wa juna ba. Na dai san Baba ya ce masa ya zaɓa, ko jita ko ƙofar gidan nan, shi kuma ya ɗauki jitarsa ya fita. Bayan shekara shida labari ya zo cewa zazzaɓi ya kashe shi a wani gari cikin Nijar, an riga an binne shi kwana uku kafin mu ji. Wani direba ya kawo akwatin, ya ce shi ne abin da mamacin ya bari a ɗakinsa na Shinkafi. Baba ya karɓa, ya kai ɗakin shirgi, ya ja ƙofa. Shekara goma sha tara ban ji ya ambaci sunan ƙaninsa ba ko sau ɗaya.

Na san abin da ke cikin akwatin, don na taɓa leƙawa ba da sanin kowa ba. Sifika ce babba mai inci goma sha biyu, ta kwali, tsohon yi. Irinta ba ta da tsini a sama, ba ta da gurnani a ƙasa, tsakiya take riƙewa, kuma a tsakiyar nan muryar mutum take zaune.

Bayan sallar asuba na sami Baba a zaure yana lazimi. Na jira ya shafa, na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Akwatin ga ba shi shiga masallaci."

Na ce, "Baba, akwatin ga abu biyu na. Akwai injin da ka yin muryar jita, shina sama. Akwai sifika, tana ƙasa. Ita sifika baki ta kawai, abin da anka ba ta shi taka hwaɗi. Injin zan raba ta da shi, in haɗa ta da na masallaci."

"Za ka hidda injin?"

"In kana so in hidda shi dut."

Ya ce, "A'a. Bar mai abinai. Ka dai raba su."

Na ɗauki wannan a matsayin izini, ban tsaya ya sake tunani ba.

Na fito da akwatin tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Rabin bayansa a buɗe yake, kamar yadda ake yin irinsu, don haka zanzaro ya yi gidaje huɗu a ciki, gizo-gizo ya yi nasa. Na bi su a hankali da tsinke da burushi. Injin ya riga ya mutu, taransifomarsa ta ƙone, da alama wani janaretan gidan biki ne ya gama da ita. Wannan bai dame ni ba. Na bi wayoyi biyun da suka sauko daga injin zuwa sifikar, ja da baƙa, na zare su daga wajen injin, na naɗe wurin da suka fito. Wannan shi ne abin da masu karambani ke mantawa: sifika ɗaya ba ta bauta wa inji biyu. Idan ka bar tsohon a haɗe ka jona sabo, ko da tsohon a kashe yake, sai ka ƙona ɗaya ko duka biyun.

Na sa mita na auna. Ta nuna abin da nake fata, daidai da abin da amfilifayar masallaci za ta iya ɗauka. Sannan na yi gwajin da na fi so a duk sana'ar nan. Na ɗauki ƙaramin batirin tocila na taɓa wayoyin biyu da shi. Kwalin ya yi tsalle gaba, ya ce ɓut. Shekara goma sha tara a ɗakin shirgi, ga shi da ransa. Inna tana tankaɗe a gefe, ta ɗago ta ce, "Ikon Allah." Baba yana bakin ƙofar ɗakinsa da littafi a hannu, bai ɗago ba, amma na lura bai juya shafi ba.

Abin da ya rage shi ne in huda katakon baya in kafa soket ɗin da za a riƙa soka wayar masallaci, in narka dalma in kama wayoyin a jikinsa. A nan na gane na baro soket ɗin a Ƙaura, tare da waya mai kauri da ake ja wa sifika. Siririyar wayar jita ba ta wannan aikin, zafi take yi. Na zagi kaina son raina. Hanyar Zurmi zuwa Ƙaura ba ta da tsawo, amma yanzu ba kullum ake bin ta ba, sai an ji labari mai daɗi daga direbobi, kuma sai rana ta ɗaga. Na mayar da akwatin ɗakin shirgi, na ce kada kowa ya taɓa. Zuwa da dawowa suka ci mini kwana biyu.

Da na dawo, na tarar da akwatin ba a inda na bar shi ba. Yana kan tabarma a tsakiyar ɗakin, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Na yaye. Katakon ya yi duhu da danshi. Na juya bayansa. Kwalin sifikar ya jiƙe sharkaf, ya yi laushi, ya lotsa gefe ɗaya, kuma daga bakinsa ya yage kamar tsawon ɗan yatsa.

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani. Na fito tsakar gida ina tambayar wanda ya zuba wa sifika ruwa. Baba ya fito daga ɗakinsa ya ce, "Ni na."

"Baba, ruwa? Kwali na hwa! Takarda ta!"

"Na wanke shi."

A raina na gama yanke hukunci. Na ce wato har yanzu bai huce ba, yana ganin akwatin ƙaninsa najasa ne, sai an yi masa tsarki kafin ya shiga masallaci. Abin ya yi mini zafi ta wuri biyu, saboda aikina da kuma saboda Baffa, wanda nake ƙauna. Na faɗi maganar da ban taɓa faɗa wa mahaifina irinta ba. Na ce, "Mutum ya mutu shekara goma sha tara, har yau ba a yahe mai ba? To ga shi nan, ka kashe abin da zai taimake ka." Ya dube ni, ya sa takalmansa, ya tafi masallaci, ko lokacin salla bai yi ba.

Na koma ɗakin shirgi na zauna a gaban akwatin. Sai da fushin ya ɗan sauka hancina ya fara aiki. Ƙamshin kafur ne. Na duba ƙasan akwatin, ga ɓarɓashin ganye kore ya maƙale a kusurwa. Na murza a yatsa. Magarya ce.

Inna ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Ka gama hwaɗan?"

Na ce, "Inna, mi ya yi?"

"Jiya da hantsi yac ce in ɗumama mai ruwa, in daka magarya. Ya shiga ya ja ƙohwa. Ni dai ta tagar can nig gani. Daga dama yaf fara, sau ukku, sannan hagu. Da ya ƙare ya sa kahur, ya ruhe shi da ƙyallen ga. Ya daɗe zaune."

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawa a ƙasarmu ya san wannan wankan. Ni kaina na yi wa mutane shi. Ban san yadda aka yi ban gane ba tun da na ga farin ƙyallen. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai. Sannan ya ƙara magana, idonsa a kan carbinsa.

"Ni ya kamata in wanke ƙanena. Ni ad babba. Baƙi sunka wanke shi, ban san ko su wa na ba." Ya ja carbi biyu. "Da nij ji abin ga ya yi motsi hannunka, sai nig ga ba ni iya aza muryata cikinai ban yi mai komi ba."

Ya ɗago ya tambaye ni, "Ya lalace?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Baba." Gaskiya na faɗa.

Jiƙaƙƙen kwali ba ya son gaggawa. Ka sa shi a rana ya kakkarye, ka sa shi kusa da wuta ya murɗe. Na kwance sifikar daga akwatin, na kifa ta a inuwa inda iska ke wucewa, na tallafe gefen da ya lotsa da auduga don ya bushe a daidai. Tsorona shi ne ruwa ya shiga tsakiya, inda siririyar waya take naɗe a cikin maganaɗisu, don idan can ya yi tsatsa ko ya goce, magana ta ƙare. Kwana huɗu ina kewaya ta ina dubawa, ban taɓa ta ba. A kwanakin nan Baba yana zuwa masallaci yana jan salla da muryarsa kamar kullum, na cikin rumfa suna jiran amin. Dattawa suka aiko cewa za su zauna ranar Alhamis bayan magariba.

Ran Laraba kwalin ya bushe. Na danna shi a hankali da yatsu huɗu, ya shiga ya fito ba tare da karce ba. Saura yagewar. Ana ɗinke irinta da ƙyalle marar nauyi da gam da aka tsinka da ruwa. Ina cikin neman abin da zan yanka sai Baba ya miƙo mini tsohon rawaninsa, wanda wanki ya cinye har ana ganin haske ta cikinsa. Ban taɓa samun ƙyallen da ya fi shi dacewa da wannan aikin ba. Na yanki siriri biyu, na manna ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, na bar shi ya kwana.

Ran Alhamis da safe na taɓa batir. Kwalin ya ce ɓut. Na mayar da sifikar mazauninta, na huda katakon baya, na kafa soket, na kama jar waya a nata wurin da baƙa a nata. Rabin awar nan da na yi ta faɗa, sai a ranar na yi ta. Injin Baffa na bar shi a sama yadda Baba ya ce, da maɓallansa guda biyar, ba ya haɗe da komai.

Kafin magariba na ɗauki akwatin a kafaɗa zuwa masallaci. Wasu daga cikin tsofaffin unguwa sun gane shi, na ga suna kallon juna, amma ba wanda ya yi magana tunda liman da kansa yana biye da ni. Na ajiye shi a bakin ƙofa yana fuskantar rumfa, nesa da makirfo don kada ya yi kuka, na ja waya ta bin bango. Ban samu damar gwadawa da muryar Baba ba, ya ƙi. Ya ce ba a wasa da karatu.

Na tsaya a sahu na ƙarshe, cikin rumfa, don in ji abin da suke ji. Aka tayar da salla. Baba ya yi kabbara, ya fara Fatiha. Muryar ta fito da kauri da ɗumi, tana da ɗan kakari kaɗan a ƙasa, wanda na san daga facin rawanin yake. Tsufan yana nan, ba ta ɓoye shi ba, amma kowane harafi ya iso inda nake. A aya ta biyu ya tsaya. Shirun ya ɗan yi tsawo, har wani a sahun gaba ya buɗe baki zai tuna masa. Sai ya ci gaba, ya kai ƙarshe, muka ce amin gaba ɗaya, na ciki da na waje.

Na san abin da ya tsayar da shi, don ni ma na ji. Baba bai taɓa jin muryarsa daga waje ba sai ta ƙaho da sifikar roba. Wadda ta fito daga akwatin nan kuwa, da kaurinta da yadda take sauka a ƙarshen kalma, muryar Baffa ce sak. Uwa ɗaya ta haife su, ban taɓa lura da yadda muryoyinsu suka yi kama ba sai a wannan magaribar.

Da aka sallame, dattijon nan da ya ɓoye murmushi kwanakin baya ya juyo ya ce wa na kusa da shi, "Ashe muryar Malam tana nan." Zaman da aka ce za a yi ba a yi shi ba, ba a kuma sake tayar da maganar ba. Baba ya ci gaba da limanci har azumi uku bayan wannan, sannan shi da kansa ya kama hannun matashin nan ya tsayar da shi a gaba.

Amma a ranar, bayan sallama, bai ajiye makirfo ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'o'in da ya saba, ga gari, ga waɗanda aka raba da gidajensu, ga iyaye. Sannan ya ce yana roƙon jama'a su yi wa wani mamaci addu'a, ƙaninsa ne, ya rasu a ƙasar mutane. Ya ambaci sunan, cikakke, har da na mahaifinsu. Sunan ya fito ta cikin akwatin ya kai har bakin titi, sahu bakwai suka ce amin. Ni ban iya cewa ba, hawaye sun riga ni.